Masu Talla Sun Hana Ni Sakat

Tambaya: Malam, masu talla sun dame ni da kira, ko barcin rana ba na samu. Yaya zan yi? Daga wata uwargida a Kano.

Amsa: Hajiya, tun 2016 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta tanadi lamba 2442 domin wannan. Ki rubuta STOP ki tura mata, kyauta ne, amma a kowane layi daban, don rufe ɗaya ba ya rufe ɗayan. Idan ba su daina ba, ki kira 622 ki kai ƙara.

Wanda kuwa ya ce daga banki yake, yana neman lambar BVN ko lambar sirrin katinki, ɗan damfara ne. Kada ma ki tsaya musu da shi, ki katse, ki toshe lambar.