Ga Mai Son Ɗaura Anini: Nasiha ga Samarin Badafi

'Ya'yana na Badafi da kewaye, daga Kiru da Bebeji har Tudun Wada da Doguwa, na san da yawanku a bakin titi sha'awar kaki ta kama ku. Kun ga motocin soja sun karya ta Kwanar Ɗangora sun nufi dajin Falgore, inda ake kai kurata atisaye, sai zuciya ta ce ni ma ina so. Buri ne mai kyau, Allah ya sa albarka. Amma ku bambance ƙofofi biyu. Kurtu ta Depo na Zariya yake shiga. Wanda kuwa yake son zama hafsa, a danƙa masa rayukan mutane ya jagorance su, hanyarsa ita ce Makarantar Horas da Hafsoshin Soja ta Kaduna, wato NDA, wadda aka kafa a 1964, ta kuma fara ba da digiri tun 1985. Mai neman sojan ƙasa shekara 5 zai yi kafin a ɗaura masa anini ɗaya a kafaɗa.

Kafin ka kai ga wannan, akwai jarrabawar JAMB da za ka zaɓi NDA a matsayin zaɓin farko, da jarrabawar makarantar kanta, sannan kwamitin tantancewa na rundunonin soja. A gaban wannan kwamiti ne ake tankaɗe da rairaya, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Abin da ke fara kayar da yaranmu takarda ce. Ana son kiredit 5 har da Turanci da lissafi, shekarunka kuma su kasance cikin iyakar da makarantar ta gindaya. Ɗauko takardar haihuwarka, da sakamakon WAEC ko NECO, da lambar NIN, da shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, ka shimfiɗa su a tabarma ka duba harafi-harafi. Idan a nan an rubuta Muhammad, a can Mohammed, a wata kuma an juya sunan mahaifi ya koma gaba, tun yanzu ka je a gyara ta hanyar da doka ta tanada. Kada ka yarda wani ya rage maka shekara. Jami'in da zai karɓi takardunka ya ga irinsu dubbai, kuma idan ya kama ƙarya ɗaya, sauran gaskiyarka ba za ta cece ka ba.

Ta fuskar jiki ba na jin tsoro a kanku sosai. Yaron da ya tashi yana huɗar masara a Doguwa ko dashen shinkafa a Tudun Wada yana da juriya. Sai dai ƙarfin noma daban, gudun da ake auna wa lokaci daban. Bayan sallar asuba ka ɗaura takalmi ka yi kilomita uku zuwa huɗu, wani ya riƙe maka agogo, ka yi wata da watanni a haka. Ka je asibiti a auna jininka da idonka tun da wuri, domin ciwon hanta da rashin bambance launi kan ɓuya a jikin mutum bai sani ba, gara ka ji a gida da ka ji a Kaduna. Ƙwaya kuwa, ko tiramol ɗin da wasu ke sha don aikin gona, ku nisance ta. Gwaji yana tona ta, kuma ko bai tona ba, wanda ƙwaya ke tuƙawa bai cancanci a ba shi bindiga da mutane ba.

Za a haɗa ku rukuni-rukuni da yara daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, a sa muku lamba a ƙirji, a ba ku aikin da mutum ɗaya ba ya iya shi, kamar tsallakar da kaya da mutane ta kan shinge. Jami'ai na gefe da takarda suna rubutu. Wani yaron zai ɗauka wanda ya fi ɗaga murya shi ne shugaba. Abin da suke dubawa shi ne wa ya kawo dabara, wa ya saurari ta ɗan'uwansa, wa ya waiwaya ya miƙa hannu ga wanda ya gaji. Kun san wannan daga aikin gayya: wanda ya gama kunyarsa ya juyo ya tari na baya, shi ake tunawa. Kada ka tambayi addinin abokin rukuninka ko yarensa kafin ka taimake shi. Sojojin da za ka jagoranta gobe haka za su zo maka, gauraye.

Sai ganawa da manyan hafsoshi, inda na fi tausaya wa ɗan ƙauye. Mun tarbiyyantar da ku a kan sunkuyar da kai gaban manya da rage murya, kuma tarbiyya ce da nake alfahari da ita. Amma a ɗakin nan, idan ka dubi ƙasa kana magana ciki-ciki, za a ɗauka tsoro ne ko rashin sani. Ka shiga da tsabta, ka gaisa, ka jira a ce ka zauna, ka dubi mai tambaya, ka amsa a fili. Ladabi yana nan a yadda kake sauraro da yadda ba ka katse babba. Da Turanci za a yi, don haka ka nemi malaminku na sakandare ya riƙa zaunar da kai yana yi maka tambayoyi har bakinka ya sake. Ka san ƙasarka da jiharka: sunan shugaban ƙasa da hafsoshin tsaro na lokacin, ƙananan hukumomi 44 na Kano, tarihin Janar Murtala Muhammad, amfanin madatsar ruwa ta Tiga ga manoma. Ka riƙa jin labarai a rediyo kullum. Idan aka ce me ya sa kake son soja, kada ka haddace amsar wani. Kai da ka ga yadda ɓarayin shanu suka taɓa hana mutane barci a gefen Falgore, kana da amsa taka. Abin da ba ka sani ba kuwa, ka ce ba ka sani ba, ranka ya daɗe. Sun fi yarda da wannan a kan kame-kame.

Ina roƙon iyaye kuma: kada ku sayar da gona ko shanun huɗa don wani ya ce yana da hanya a sama. Kowace shekara makarantar na gargaɗi a kan 'yan damfara, kowace shekara kuma ana cutar bayin Allah. Gurabe kaɗan ne, an raba su jiha-jiha, masu nema daga Kano kuwa suna da yawa ƙwarai, don haka nagari ma yakan rasa. Idan sunanka bai fito ba, ɗana, kuma shekarunka ba su wuce ba, ka sake nema baɗi. Idan sun wuce, ka shiga jami'a ka yi digirinka, domin rundunar soja tana ɗaukar masu digiri ta hanyar gajeren kwas, su ma su fito hafsoshi.