Darasi Kan Makamashi: Yadda Ingila Ta Rabu da Kwal

An shirya wannan darasi domin hakimai, Allah ya ja zamaninsu, da magatakardansu, saboda maganar tsadar mai da rikicewar damina ta yawaita a bakin talakawa, kuma ya kamata shugaba ya san tushen abin da ake tambayarsa.

Makamashi shi ne duk abin da ke ba da wuta ko ƙarfin aiki, watau itace, da gawayi, da kwal, da man fetur, da gas, da lantarki. Bukatarsa kullum ƙaruwa take yi, gama mutanen duniya sun kai biliyan 8 a 2022, kuma kowa yana son fitila da mota da injin niƙa. Wajen kashi 80 cikin 100 na makamashin duniya daga kwal da mai da gas yake fitowa. In an ƙone su sukan saki wata iska da ba a gani, ana ce da ita kabon, wadda kan taru a sama ta tsare zafi kamar bargo. Abin da aka saki a 2023 ya haura tan biliyan 37. A 2015 ƙasashen duniya suka taru a Faris, suka yi alkawarin hana ƙarin zafin kaiwa digiri 2 bisa yadda yake kafin zamanin masana'antu.

To, cika alkawarin nan maganar kuɗi ce. A 2006 wani masanin tattalin arziki, Nicholas Stern, ya yi wa gwamnatin Ingila lissafi, ya ce rage hayaƙin zai ci wajen kashi 1 cikin 100 na abin da duniya ke samu kowace shekara, amma in an ƙyale shi hasarar za ta kai kashi 5, watakila har 20. Rigakafi ya fi magani ke nan. Wahalar ita ce, kuɗin rigakafin yau ake biyansa, ribar kuwa sai gaba. Bari mu duba yadda Ingila ta yi.

Da kwal Ingila ta gina arzikinta. A 1882 aka buɗe tashar lantarki mai ƙona kwal a Landan, a 1920 kuwa masu haƙarsa sun fi mutum miliyan ɗaya. A Disamba 1952 hayaƙi ya haɗu da hazo ya rufe Landan kwana biyar, mutum wajen 4,000 suka mutu nan da nan, har aka kafa dokar tsabtace iska a 1956. Duk da haka a 2012 kwal ne ke ba da kusan kashi 40 na lantarkin ƙasar.

Abu biyu suka kawo ƙarshensa. Na ɗaya, a 2013 gwamnati ta ɗora wa tashoshin lantarki haraji bisa kowane tan na kabon da suka saki, ya kai fam 18 a 2015, sai ƙona kwal ya daina riba. Na biyu, abin da zai maye gurbinsa ya samu, watau gas, da manyan fankokin da iska ke juyawa a cikin teku, waɗanda kuɗinsu ya yi ta sauka. Ran 30 ga Satumba 2024 aka rufe tashar kwal ta ƙarshe, bayan shekara 142.

Amma fa abin bai zo a sauƙaƙe ba. Masu haƙar kwal sun yi yajin aiki na shekara guda daga 1984 zuwa 1985 saboda rufe ramuka, garuruwansu da yawa kuma suka daɗe cikin rashin aiki. Har wa yau Ingila tana ƙona gas, tana kuma sayen kayan da aka ƙera da wutar kwal a wasu ƙasashe.

Mu kuwa halinmu dabam ne. Afirka duka ba ta sakin ko kashi 4 na kabon ɗin duniya, kuma wajen mutum miliyan 600 a cikinta ba su da lantarki. Saboda haka ƙarin makamashi muke bukata, sai dai mu zaɓe shi da lissafi. Ka'idar farashi kuwa mun gan ta da idonmu. Da aka janye tallafin fetur a Mayu 2023, masu hali da yawa suka koma ga wutar hasken rana, wadda kuɗin faifanta ya faɗi da wajen kashi 90 tsakanin 2010 da 2020. Marasa hali kuwa, duk sa'ad da gas da kananzir suka yi tsada, itace da gawayi suke komawa, daji ya ɗauki nauyin.

Don haka ana roƙon hakimai da abu uku. In jama'a za su sayi injin rijiyar burtsatse ko na ban ruwa a fadama, magatakarda ya lissafa musu kuɗin saye tare da na mai da gyara na shekara uku, ya gwada da na injin hasken rana, sa'an nan su zaɓa. A tsare gandun daji, a yaɗa murhu mai tsimin itace ta hannun dagatai da masu unguwanni. Kafin kuma a hana mai ƙona gawayi sana'arsa, a fara tunanin abin da zai ci da iyalinsa, gama dokar da ta bar mutum da yunwa ba ta daɗewa, sai ta mai da shi mai saran dare.

Allah ya ba shugabanninmu ikon riƙe amanar ƙasa, amin.