Amsoshin Tambayoyinku: Tsakanin Alien da Prometheus, Wanne Ne Na Farko?

Tambaya: Wani ɗalibi daga Birnin Kudu ya rubuto mana cewa shi da abokinsa ɗan Gwaram sun kalli fim ɗin Prometheus a waya, sai gardama ta sarƙe musu. Abokin ya ce shi ne kashi na ɗaya na fim ɗin Alien. Shi kuwa ya ce hakan ba ta yiwuwa, tunda Alien ya girme shi nesa ba kusa ba. Yana kuma son jin ra'ayinmu: fim ne mai kyau, ko shirme ne kamar yadda wasu 'yan majalisarsu ke faɗa? Sannan zanen kogon nan da aka nuna a farkonsa, da gaske akwai shi?

Amsa: Madalla da wannan tambaya, ɗana. Kai da abokinka kowa yana da gaskiyarsa, abin da kuke aunawa ne ya bambanta. Kai kana duba shekarar da aka shirya fim, shi yana duba lokacin da labarin ya faru. Alien ya fito a 1979, Prometheus kuma a 2012, ratar shekara 33 ke nan, kuma mutum ɗaya ne ya ba da umarni a dukansu, wato Ridley Scott ɗan Ingila. Amma a cikin labari, tafiyar jirgin Prometheus ta faru ne a 2093, ta Alien kuwa a 2122. Irin wannan fim Turawa ke kira prequel, wato fim da aka shirya daga baya alhali labarinsa ya riga na tsohon faruwa. Kamar yaron da ya tashi ya tarar da kakansa da furfura ne, sai daga baya aka zaunar da shi aka ba shi labarin samartakar tsohon. Masu Star Wars ma sun yi haka: na farkonsu ya fito a 1977, sai a 1999 suka saki wanda suka laƙaba wa kashi na ɗaya.

Ga abin da ya sa aka koma baya. A cikin Alien, ma'aikata bakwai na jirgin dakon kaya mai suna Nostromo sun sauka a wata duniya, suka tarar da wani tsohon jirgi da aka yasar. A cikinsa akwai gawar wani ƙato zaune a kan kujera, ƙirjinsa a fashe, ga kuma ƙwayaye jibge a ƙasa. Daga ɗaya cikin ƙwayayen nan dodon fim ɗin ya samo asali. Fim ɗin bai ce uffan ba game da ƙaton, ko wane ne shi, ko daga ina ya zo. Wannan shirun ya daɗe yana damun masu kallo, shi ne Prometheus ya zo ya yi magana a kai. Sai dai ka gaya wa abokinka cewa ba a wuri ɗaya abubuwan suka faru ba. Duniyar Prometheus sunanta LV-223, ta Alien kuwa LV-426, don haka ƙarshen wannan bai haɗe kai tsaye da farkon wancan ba.

Masu yabon fim ɗin suna da hujja. Ɗaukar hoton ta yi kyau ƙwarai. Ruwan nan mai gangarowa da aka buɗe da shi na gaske ne, a ƙasar Aisland yake. Amma abin da ya fi riƙe ni shi ne David, mutum-mutumin da Michael Fassbender ya fito a matsayinsa. Na'ura ce da aka ƙera da siffar ɗan Adam, mai ladabi da murmushi, tana yi wa mutane hidima tana kuma lura da yadda suke raina ta. Mutanen sun yi doguwar tafiya don su tambayi waɗanda suke zaton sun yi su, wato ƙattai irin wancan na kan kujera, dalilin yin su, alhali ga abin da su suka ƙera da hannunsu yana tsaye kusa da su, ba su ɗauke shi a bakin komai ba. Wannan tunani mai zurfi ne, kuma Fassbender ya isar da shi ba tare da hayaniya ba. Noomi Rapace ma ta yi ƙoƙari a matsayin Elizabeth Shaw.

Masu suka su ma ba ƙarya suke yi ba, kuma a nan ina tare da su. An ce mana ƙwararrun masana aka ɗebo, amma suna shiga kogo suka cire hulunan kariya don kawai na'ura ta nuna iskar tana shaƙuwa. Masanin duwatsun da ya saki na'urorin zana taswirar wurin, shi ne ya ɓata a ciki. Masanin halittu kuma ya ga wani abu mai kama da maciji ya fasa kai, ya miƙa hannu zai shafa shi. Idan marubuci ya tilasta wa mai ilimi yin wauta don labari ya ci gaba, mai kallo yana ganewa, kuma tsoron yana raguwa. A Alien ba haka ba ne. Leburorin jirgi ne da suka yi iya ƙoƙarinsu, abin ya fi ƙarfinsu, shi ya sa ake tausaya musu.

Akwai kuma aibin da ke bin yawancin finafinai masu komawa tushe. Ƙaton nan ya fi ban tsoro lokacin da ba a san ko mene ne ba. Da aka bayyana cewa abin da muka ɗauka ƙasusuwa ne ashe sulke ne, kuma mai kama da mutum ne a ciki, sai kwarjininsa ya ragu. Babbar tambayar kuma, dalilin da ya sa ƙattan suka so hallaka mutane, ba a amsa ta ba. Ko Alien: Covenant da ya biyo baya a 2017 bai warware ta sosai ba.

Batun zanen kogo kuwa, wanda aka nuna na wani ƙato yana nuna taurari, masu fim ne suka ƙirƙire shi, haka ma zancen cewa wasu halittu daga sama ne asalin ɗan Adam. Ƙagaggen labari ne, ba tarihi ba ne, ba binciken kimiyya ba ne, kada ya rikita maka tunani. Zanen dutse na gaskiya yana nan a garinku. A Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu masu dogayen ƙaho marasa tozo, wanda masana suka yi nazari a kansa tun shekarun 1950, kuma Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ce ke kula da shi. Mutane ne irinmu suka zana dabbobin da suka sani. Idan ba ka taɓa zuwa ba, ka ja abokin naka ku je.

Hukuncina shi ne Prometheus fim ne mai kyan gani da babban buri, rubutunsa ne ya gaza, kuma bai kamo ƙafar Alien ba. Wanda bai kalli ko ɗaya ba ya fara da Alien na 1979, sannan Aliens na 1986 wanda James Cameron ya ba da umarni, kafin ya zo kan Prometheus. Dukansu akwai jini da abubuwan firgici, don haka kada ku kalla tare da ƙannenku ƙanana. Allah ya ba da sa'ar karatu, a gaida mutanen Gwaram.