Amsoshin Tambayoyinku: Mai Zanen da Bai Je Makarantar Zane Ba

Wani mai sauraronmu daga Sabon Birnin Gobir yana tambaya: shin mutum kan shahara a zanen mutane ba tare da ya yi karatun zane ba?

Ƙwarai kuwa, Malam. Ka dubi bayan manyan motocin da ke bi ta Isa zuwa kasuwar Shinkafi: ga zaki ya buɗe baki, ga barde bisa doki, idanu jajur. Akasarin masu wannan aikin a bakin tasha suka koya, da fentin mai da burushi.

Wanda ya kai irin wannan sana'a nesa shi ne Cheri Samba na ƙasar Kwango, haifaffen 1956. A 1972 ya bar ƙauyensu ya shiga Kinshasa yana rubuta allunan talla, ya buɗe shagonsa a 1975. Mutanen da yake zanawa ba sa tsayawa ƙiƙam kamar hoton fasfo. Yakan zaro musu ido, ya zuba launi mai ƙarfi, sannan ya rubuta magana a jikin zanen da Lingala ko Faransanci, kan cin hanci, ƙanjamau da rikicin maza da mata. Dabara ce: mai wucewa sai ya tsaya ya karanta. Sau da yawa ma kansa yake zanawa, sanye da tabarau.

A 1989 aka baje ayyukansa a Paris, daga nan kasuwarsa ta buɗe a Turai da Amurka.

Sai dai fa, Malam, rashin makaranta ba rashin horo ba ne. Shekaru ya yi yana kwaikwayon zanen barkwanci na mujallu kafin hannunsa ya faɗa.