Haraji a kan riba yake, amma sai ka iya nuna ta a rubuce

Tun da sabbin dokokin haraji suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, tambayar da 'yan kasuwar da nake yi wa lissafi suka fi yi mini ita ce: "Malam, da gaske ne duk kuɗin da ya shiga asusuna sai gwamnati ta yanki nata?" Wasu har sun daina karɓar tiransifa, sun koma ɓoye tsabar kuɗi a shago. A matsayina na akanta, amsar da nake ba su ita ce a'a. Dokoki huɗun da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025 ba su ɗora haraji a kan kuɗin da ke ajiye a banki ba. Naira 50 ɗin nan da ake cira a tiransifar da ta kai naira dubu 10, dama can tana nan. Abin da mutum ya samu shi ake yi wa haraji: ma'aikaci albashinsa, ɗan kasuwa ribarsa.

Inda gizo ke saƙa shi ne, da yawa daga cikinmu sun san cinikinsu, ba su san ribarsu ba.

Mu ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari. Ya yi cinikin naira miliyan 12 a shekara. Kayan da ya sayar ɗin ya saro su ne a kan miliyan 9 da rabi. Hayar shago, dako, wuta da sallamar yaron shago sun ci miliyan 1. Ribarsa ke nan miliyan 1 da rabi. A sabuwar doka, naira dubu 800 na farko a shekara babu haraji a kansu. Miliyan 2 da dubu 200 da ke biye ana cirar kashi 15 cikin ɗari, daga nan kason ya riƙa hawa har ya kai kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. Don haka Alhajinmu dubu 700 kawai za a lissafa masa, harajinsa na shekara ya kama naira dubu 105. In gidan haya yake zaune, ana rage masa kashi 20 na kuɗin hayar kafin a yi lissafin, muddin ragin bai wuce naira dubu 500 ba. Da za a ɗauki miliyan 12 ɗin nan a matsayin samunsa, da harajin ya kai miliyan 1 da dubu 950, ya cinye ribar kaf har ya taɓa uwar kuɗi. Me ya raba lissafin biyu? Rasit ɗin sari da littafi. Wanda ba shi da su, jami'in haraji ne zai yi masa kintace, kuma ba kasafai kintace ke yi wa ɗan kasuwa daɗi ba.

Abin da ya fi ba ni wahala a aiki shi ne asusu ɗaya tilo da ake zuba komai a ciki. Cinikin shago, kwasar adashi, gudummawar biki, bashin da aboki ya biya, kuɗin da ƙane ya turo daga Legas a kai wa Hajiya, duk a wuri guda; cefane da kuɗin makaranta ma daga nan suke fita. Bayan wata goma sai mu zauna da takardar banki, mai asusun da kansa ya kasa tuna wane ne ya turo dubu 300 a watan Afrilu, balle dalili. Bashin da aka maido maka ba riba ba ne, amanar da aka ba ka ma haka, amma kai ne za ka nuna hakan. Buɗe asusu na biyu bai ɗaukar yini guda. Na POS da ciniki daban, na gida daban, sannan ka yanka wa kanka albashi kamar yadda kake yanka wa yaronka.

Akwai kuma masu zaton rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni (CAC) ta mai da su kamfani. Ba haka ba ne. Mai sunan kasuwanci harajin ɗaiɗaikun mutane yake biya ga hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune, kuma zuwa 31 ga Maris ake miƙa bayanin samun shekarar da ta wuce. Kamfani mai rajistar "Limited" shi ke hulɗa da hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu NRS. Kada kuma a ba kowa kuɗin haraji a hannu ba tare da rasit na hukuma ba.

Littafin nan ba don gwamnati kaɗai ba ne. Da shi za ka san kayan da ke shago da bashin da kake bi ranar fitar da zakka, kuma da shi magada za su san abin da ke nasu da na mutane.

Alhaji, Hajiya, ba sai da kwamfuta ba. Littafi mai kauri ya isa: kwanan wata, abin da ya shigo, abin da ya fita, da dalili. Ku adana rasit na aƙalla shekara shida, ku kuma roƙi masu turo muku kuɗi su riƙa rubuta dalilin tiransifar.