Ɗinkin Duwatsu: Shawara Ga Masu Koyo a Karkarar Kano

Da zarar an kai gero da gyaɗa gida a ƙauyukan Bichi, Dambatta da Kunchi, bukukuwan aure ke kankama, amare kuma su shiga neman abin wuya da awarwaro. Lokacin ne ya fi dacewa mai koyo ta fara.

Kayan aikin ba su da yawa: tsakiya (wato duwatsun ado), siririyar allura, zaren nailan, kakin zuma, ƙyalle mai kauri da jemammiyar fatar akuya. Ana samun duwatsu iri-iri a Kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A gwada allurar a ramin dutse kafin a biya.

Don yin abin wuya, mai koyo ta zana fure a ƙyallen, ta goga wa zaren kaki don kada ya harɗe. Ta zura tsakiya 3, ta soke ƙyallen, sannan ta dawo ta sake ratsa ta ƙarshe; wannan komawar ce ke hana layi karkacewa. Idan ta gama, ta rufe bayan da jemammiyar fatar akuya don kada zare ya goge wuya.

Ta fara da 'yan kunne, domin ba sa cin kaya da yawa.