Amsar Tambaya: Mahaifina ya kamu da korona

Tambaya: Likita, mahaifina ɗan shekara 70 ne, ga ciwon suga. An gwada shi an ce korona ce. Ashe ba ta wuce ba? Yaya za mu kula da shi a gida?
Daga wata mai karatu a Zariya

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Korona tana nan. Matakin gaggawa kawai Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye a watan Mayun 2023, amma ƙwayar cutar ba ta daina sauya kama ba. Tun da aka ba da rahoton nau'in Omicron daga Afirka ta Kudu a Nuwamban 2021, jikokinsa ne ke yawo.

Shekarun Baba da ciwon suga sun sa shi cikin waɗanda cutar ta fi kayarwa, don haka ku kai shi wurin likita yau. Akwai maganin sha, Paxlovid, wanda ake farawa cikin kwana 5 da bayyanar alamu. Ku tafi da duk magungunan da yake sha, domin wasu ba sa jituwa da shi. Kada ku sayo kulorokwin ko antibayotik a kemis, ba sa kashe wannan ƙwaya.

A gida, ya huta, ya yawaita shan ruwa, a ba shi farasitamol in zazzaɓi ya taso, a riƙa auna sugarsa. In numfashi ya yi masa wuya, ko ƙirji ya riƙe, ko ya fara ruɗewa, ku garzaya asibiti ko da tsakar dare ne.